KIƊA DA MAKAƊA: Tafiya Da Abokin Da Ba Ya Ji

Duk wanda ya saba kallon wasannin manyan mawaƙan duniya a talabijin, in dai mai lura ne, lalle ya taɓa ganin wani abu game da mutumin nan da ke zaune can baya a tsakiyar ganguna. Sau da yawa akan ga wata siririyar waya ta fito daga kunnuwansa ta shige wuyan rigarsa. A gefensa kuma ga kwamfuta a buɗe bisa ɗan tebur, ko kuwa wani baƙin faranti mai kama da allo, wanda yakan ɗan taɓa da sanda kafin a fara kowace waƙa. Da an fara, sai mai sauraro ya ji sautin goge da na kakaki da muryoyin 'yan amshi sun cika wuri, alhali kuwa mutum huɗu ko biyar ne kaɗai bisa dandamalin, kuma ba wanda ke riƙe da goge ko kakaki a cikinsu.

Asirin abin shi ne naɗaɗɗen kiɗa. Watau an riga an shirya wani sashe na kiɗan tun a ɗakin ɗaukar sauti, an jera shi daki-daki a cikin na'ura, ranar wasa sai a kunna shi ya riƙa tafiya tare da abin da makaɗan ke yi da hannunsu. Tare da wannan akwai wani sauti dabam wanda 'yan kallo ba sa jinsa ko kusa, wani ƙyas-ƙyas ne kamar na agogon bango, wanda ake aikawa cikin kunnen mai ganga. Shi ke gaya masa inda na'ura take a kowace daƙiƙa, shi kuma ya ja sauran abokan wasansa su bi.

Mutane da yawa suna zaton wannan dabara ta rage wa mai ganga wahala, tun da na'ura ta ɗauki rabin kayan. Gaskiyar magana kuwa ƙara masa kaya aka yi. Makaɗin da ya karɓi wannan aiki ya yarda ke nan zai yi doguwar tafiya da abokin da ba ya ji kuma ba ya jira, in kuwa aka yi tuntuɓe a hanya, shi za a kalla.

MAI RIƘE DA LINZAMI

Tun asali, a ƙungiyoyin kiɗa irin na Turawa, mai ganga shi ne ke riƙe da linzamin lokaci. Shi ke haɗa sandunansa sau huɗu don ya nuna wa kowa saurin da za a tafi da shi. In waƙa ta zo wurin amshi, jama'a suka ɗauka, yakan ɗan saki linzami kiɗa ya ƙara sauri kaɗan. In aka dawo baiti sai ya ja. Ba wanda ke auna wannan da ma'auni, amma kowa na jinsa a jikinsa.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan. Wanda ya ga marigayi Alhaji Mamman Shata a fagen wasa ya san waƙarsa ba ta da tsayayyen tsawo. In ya hango wani babban mutum ya shigo, sai ya karkata baiti ya sako shi ciki, masu kalangu kuma su bi shi nan take ba tare da an ce musu uffan ba. In rawa ta yi zafi su ƙara wuta, in ya tsaya zai yi magana su sassauta. Kunnensu yana ga mawaƙi, idonsu yana ga taro. Irin wannan 'yanci ne na'ura ke karɓewa daga hannun makaɗi.

Ita dabarar auna saurin kiɗa da inji ba sabuwa ba ce. Cikin 1815 wani Bajamushe, Johann Maelzel, ya yi rajistar wani ɗan akwati mai sanda tana lilo, wanda ke ƙyastawa sau adadin da aka ga dama a minti guda. Amma a ɗakin koyo aka fi amfani da shi. Da fim mai magana ya fito, sai masu shirya fina-finai a Amurka suka fara sa wa makaɗa irin wannan ƙyas-ƙyas a kunne, tun wajen 1930, domin kiɗa ya dace da motsin hoto. Hawansa dandamali a gaban dubban 'yan kallo kuwa sai daga baya, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsu a hannunsa mutum ne wanda ba a taɓa zaton zai bi umarnin agogo ba.

KEITH MOON DA TEF

Sunansa Keith Moon, mai gangar ƙungiyar nan ta Landan da ake kira The Who. An haife shi cikin 1946, ya shiga ƙungiyar cikin 1964 yana ɗan shekara 17. Kiɗansa kamar ruwan sama da ƙanƙara yake. Gangar ƙafa biyu gare shi maimakon ɗaya, kuma ya yi shekaru da dama yana hawa dandamali ba tare da tagwayen fayafayan tagullar nan da ake takawa da ƙafar hagu ba, waɗanda da su ne sauran masu ganga ke riƙe taki. Shi bin muryar mawaƙi da jitar Pete Townshend yake yi, yana cika kowane gurbi da ruwan sanduna.

Wajen 1970 zuwa 1971 Townshend, wanda shi ke tsara yawancin waƙoƙin ƙungiyar, ya shiga gwaje-gwaje da kayan kiɗa na lantarki a gidansa. Da ogan ƙirar Lowrey, watau fiyanon nan mai jan sauti irin na majami'u, ya shirya wani kiɗa mai maimaita kansa ba ƙaƙƙautawa. A kan wannan shimfiɗa aka gina waƙoƙi biyu, "Baba O'Riley" da "Won't Get Fooled Again", waɗanda suka fito a faifansu Who's Next cikin Agusta 1971.

Waƙoƙin suka karɓu, ya zama tilas a yi su a gaban jama'a. To, su huɗu ne rak, kuma babu mai fiyano a cikinsu. Sai suka yanke shawarar su hau da sautin ogan ɗin a tef, irin mai manyan faifai biyu, yana warwarewa daga wannan yana naɗewa a wancan, injiniyansu ya riƙa kunnawa daga gefen dandamali. Nan fa matsala ta taso. The Who suna cikin ƙungiyoyin da suka fi kowa ƙara a zamaninsu. A wasan da suka yi a filin ƙwallon Charlton da ke Landan ran 31 ga Mayu 1976, ma'aunin ƙara ya nuna desibel 126, har abin ya shiga littafin Guinness. Cikin irin wannan tsawa ba yadda za a yi mai ganga ya ji tef daga lasifika. Dole aka sa wa Moon hedifon, abin sauraren nan mai rufe kunnuwa biyu. Da yake kuwa kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya in yana kiɗa, sai hedifon ɗin ya riƙa zamewa, don haka aka koma naɗe masa shi a ka da salatif mai ƙarfi, kamar mai rawani. Wanda ya kalli fim ɗin The Kids Are Alright na 1979 zai gan shi haka, a wasan da aka ɗauka a Shepperton cikin Mayu 1978, wanda shi ne na ƙarshe da ya yi da ƙungiyar kafin rasuwarsa ran 7 ga Satumba na wannan shekara.

Abin mamaki, Moon ya iya. Waƙar "Won't Get Fooled Again" ta wuce minti takwas, kuma kusa da ƙarshenta akwai wurin da kowa ke yin shiru a bar ogan shi kaɗai yana ta zuba, sa'an nan ganguna su shigo, mawaƙi ya ƙwala ihu, dukansu su faɗo a kan bugu guda. In mai ganga ya ɓata lissafi ko da rabin daƙiƙa ne, duk zauren zai ji. Daga 1971 har ƙarshen rayuwarsa yana ƙetare wannan siririyar gada.

DAREN NEWCASTLE

Waƙa biyu da tef abu ne mai yiwuwa. Cikin 1973 sai Townshend ya zarce. Sabon faifansu, Quadrophenia, cike yake da kakaki da fiyano da kayan lantarki har da ƙarar teku, kuma ya ƙudura a yi mafi yawansa a gaban jama'a da taimakon tef. Lokacin gwaji bai isa ba, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Da an kunna tef ba tsayawa, ba komawa baya, ba ƙara baiti. Ƙungiyar da ta yi suna wajen jan waƙa yadda ta ga dama sai ta sami kanta a ɗaure.

Ran 5 ga Nuwamba 1973, a gidan wasa na Odeon da ke Newcastle a arewacin Ingila, suna cikin waƙar "5:15" tef ya saɓa da makaɗa. Townshend ya fusata, ya finciko injiniyan sauti daga bayan teburinsa a gaban jama'a, ya shiga fatali da kaya yana yayyaga tef. Ƙungiyar ta fice daga dandamali. Da suka dawo bayan wani lokaci, tsofaffin waƙoƙinsu suka yi, waɗanda ba sa bukatar kome sai jita da ganga da murya. Sannu a hankali suka riƙa zubar da waƙoƙin Quadrophenia daga jerin wasansu, ba a kuwa yi faifan daga farko har ƙarshe a gaban jama'a ba sai cikin 1996, sa'ad da aka cika dandamali da ƙarin makaɗa.

Makaɗi in ya yi kuskure, abokansa sukan rufa masa asiri, su ɗan jinkirta ko su tsallake, kafin 'yan kallo su farga an wuce wurin. Tef ba ya rufa wa kowa asiri. Abin da ya ceci wasan Newcastle shi ne mutanen nan huɗu suna iya kiɗa ba da shi ba.

LISSAFIN DA KE CIKIN KUNNE

Domin mai karatu ya gane tsananin aikin, ga ɗan lissafi. A ce an shirya waƙa a kan bugu 120 a minti, watau bugu biyu a kowace daƙiƙa. Mai ganga ya hau dandamali, fitilu sun haska, jama'a na sowa, jininsa ya ɗauki zafi, sai hannunsa ya tafi a kan 122 ba tare da ya sani ba. A ƙungiyar da babu na'ura ba wanda zai lura, domin kowa zai bi shi. Tare da na'ura kuwa, cikin rabin minti ya wuce ta da bugu guda cif, cikin minti guda da bugu biyu, kuma tun kafin a kai can kunnen kowa ya fara jin ganga da kiɗan na'ura suna taka juna.

Masu sana'ar suna da wata alama da suke gane sun dace. In sandar mutum ta faɗi daidai kan ƙyas ɗin, sai ƙarar ganga ta rufe shi, ya ɓace daga kunne ɗungum. Sabon shiga yakan firgita a nan, ya zaci na'ura ta mutu, ya tsaya neman sautin, ta haka sai ya kauce. Gwani kuwa ya san shirun nan shi ne shaidar yana kan hanya. In ya ji ƙyas ɗin ya riga sandarsa ya san ya yi baya, in ya biyo bayanta ya san ya yi gaba, sai ya gyara a hankali cikin bugu huɗu ko takwas, ba da fizga ba, don kada sauran makaɗa su ji an girgiza su.

Har wa yau gwanaye sukan zauna da gangan ɗan taƙi a bayan ƙyas ɗin don kiɗa ya yi nauyi ya kwanta, ko ɗan taƙi a gabansa don ya yi zafi, ba tare da sun bar shi ya kuɓuce musu ba. Ta nan ne ran kiɗan ke dawowa. Inda aka fi faɗuwa shi ne wurin kwalliya, sa'ad da mai ganga ke zagaya gangunansa a ƙarshen baiti, domin hannu yakan yi gaggawa a nan. Wani wurin kuma shi ne inda ganga ke yin shiru a bar mawaƙi shi kaɗai. Tilas mai ganga ya ci gaba da ƙirga, yana ba sauran alama da sanda ko da ka, tun da a ƙananan ƙungiyoyi shi kaɗai ke jin agogon.

Akwai kuma ladabin barin wuri. In naɗaɗɗen kiɗan ya riga ya ƙunshi tafi da caki, mai ganga ba zai sake buga abin da ke ciki ba. Gangar ƙafa ta mutum da ta na'ura in suka faɗi kusa da juna amma ba tare ba, sai a ji kiɗan kamar mai in'ina. Saboda haka masu shiri sukan cire gangar na'ura daga abin da za a kunna, su bar wa mutum gurbinta.

Nisa ma yana da nasa sharri. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka lasifikar da ke nesa da makaɗi da mita 10 tana isar masa da kiɗa a makare da kusan kashi 3 cikin 100 na daƙiƙa, abin da ya dawo daga bangon ƙarshen zaure kuwa ya fi haka makara nesa ba kusa ba. Wanda ya bi abin da yake ji daga zaure ya ɓata. Dalili ke nan da ya sa waya ke zuwa kunne kai tsaye.

KAYAN AIKI, JIYA DA YAU

Bayan zamanin Moon kaya sun yi ta sakewa. Cikin 1980 na'urorin da ke kiɗan ganga da kansu suka shigo kasuwa da ƙarfi, kamar LM-1 ta Roger Linn a Amurka da TR-808 ta kamfanin Roland na Japan. Hankalin makaɗa ya tashi, har cikin 1982 reshen tsakiyar Landan na ƙungiyar makaɗan Ingila ya zartar da ƙudurin neman a hana amfani da irin waɗannan na'urori. Ƙudurin bai hana kome ba. Shekara guda bayan haka, cikin 1983, kamfanoni suka amince da wani harshe guda mai suna MIDI, wanda ya sa na'ura ɗaya ke iya ba fiyanon wannan kamfani da gangar lantarkin wancan umarnin abin da za su buga da lokacin da za su buga shi. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Masu ganga suka shiga koyon zama da na'ura.

A yau ƙaramar ƙungiya mai wasa a otal ko wurin biki tana da hanya mai araha. Kowane naɗaɗɗen sauti yana da ɓangare biyu, hagu da dama. Sai a sa ƙyas ɗin a hagu, kiɗan a dama. Wayar dama ta tafi teburin injiniya, daga nan zuwa lasifikokin jama'a. Ta hagu kuwa ta tsaya a wani ɗan akwatin haɗa sauti da ke gefen mai ganga, inda yake gauraya ƙyas da kiɗan da muryar mawaƙi gwargwadon bukatar kunnensa. An yi wannan da kaset, an yi da MiniDisc, yanzu ana yi da wayar hannu. In aka yi kuskure aka juya wayoyin, sai duk zauren ya ji agogon. Mai amfani da wayar hannu kuma tilas ya rufe layinta, kada kira ya shigo tsakiyar waƙa.

Manyan ƙungiyoyi da kwamfuta suke aiki, galibi da manhajar Ableton Live wadda aka fito da ita a Barlin cikin 2001. Daga kwamfutar sauti kan fita ta ƙofofi takwas ko fiye, 'yan amshi dabam, goge dabam, ƙyas dabam, domin injiniya ya daidaita kowanne da girman zaure. Akan ƙara wata naɗaɗɗiyar murya mai raɗa wa makaɗa a kunne cewa ga amshi nan tafe, ko ga ƙarshe ya zo. Kwamfuta ta biyu tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta farko, da wani akwati a tsakaninsu mai juya sauti gare ta nan take in ta farkon ta tsaya. Sau da yawa fitilu da hotunan majigi ma da wannan agogo suke tafiya. Baƙin farantin nan da aka ambata a farko kuwa, irin su SPD-SX na Roland da ya fito cikin 2011, gida tara ne da shi, kowane gida da sautin da aka ajiye masa, kuma da shi mai ganga ke tada waƙa ko tsai da ita.

Maimakon hedifon da salatif, yanzu akan auna ramin kunnen makaɗi a ƙera masa abin saurare daidai da shi, mai toshe ƙarar waje. Wannan ba ado ba ne. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar kada mutum ya wuce awa takwas cikin ƙara mai desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 a raba lokacin biyu. A desibel 100 ke nan minti 15 ne kacal. Ganguna kuwa sukan wuce 100. Makaɗin da abin saurarensa ba ya toshe ƙara tilas ya ƙure ƙyas ɗin har ya fi gangarsa, ya yi awa biyu ana sara masa ƙusa a dodon kunne. Shi kansa Townshend ya sami raunin ji, ya kuwa ɗora laifin a kan shekarun da ya yi da hedifon a ɗakin ɗaukar sauti.

AMANAR 'YAN KALLO

Da yake maɓallin tada waƙa a hannun mai ganga yake a ƙungiyoyi da yawa, mutuncin mawaƙi ma a hannunsa yake. Cikin Oktoba 2004, a shirin talabijin na Saturday Night Live a Amurka, mawaƙiya Ashlee Simpson ta fito za ta yi waƙarta ta biyu, sai aka ji muryarta tana rera ta farko alhali makirfo na ƙasa. Bayanin da aka bayar daga baya shi ne mai gangarta ne ya danna maɓallin da ba shi ba. Cikin 2022 kuma wata ƙungiyar Amurka, Falling in Reverse, ta fasa wani wasa ɗungurungum domin kwamfutocinta sun ɓace.

Waɗannan biyu sun nuna inda iyakar take. Ƙungiyar mutum biyar ba za ta iya ɗaukar masu goge ashirin ta yi yawon duniya da su ba, kuma ba wanda aka cuta in na'ura ta cike wannan gurbi. Amma in muryar da aka sayi tikiti dominta ita ma a naɗe take, ko kuwa ƙungiya ba ta iya yin ko waƙa ɗaya in kwamfuta ta mutu, to, an sayar wa mutane faifai a farashin wasa. Shi ya sa ƙungiyoyin da suka san abin da suke yi sukan yi gwajin kowace waƙa da na'ura da kuma ba na'ura, su kuma shirya alamar da mai ganga zai bayar in ya kashe ta tsakiyar waƙa, a ci gaba a kan takinsa kamar ba a yi kome ba.

IN NA'URA TA KOYI SAURARO

Wani ɗan Nijeriya ya nuna akwai wata hanyar. Tony Allen, haifaffen Ikko cikin 1940, shi ne mai gangar Fela Kuti a ƙungiyar Africa 70 har zuwa 1979, daga baya ya koma Faris da zama. Yana da shekara saba'in da 'yan kai ya haɗu da Jeff Mills, Ba'amurke daga Detroit wanda ya yi suna da na'urar ganga TR-909, suka yi wasanni tare, suka fitar da faifai mai suna Tomorrow Comes the Harvest cikin 2018. A wasanninsu Mills ba ya kunna na'ura ya koma gefe. Da yatsunsa yake tada ita yana tsai da ita, yana shigo da wannan sauti yana ɗauke wancan, kunnensa na ga Allen. Watau an sa mutum mai ji a bayan abin da ba ya ji, sai linzami ya komo hannun mai ganga. Allen ya rasu a Faris ran 30 ga Afrilu 2020.

Masu ƙera manhaja ma sun bi wannan sawu. Fitowar Ableton Live ta 2021 ta zo da wata dabara wadda kwamfuta ke sauraren ganga ta makirfo, in makaɗi ya ƙara sauri ta ƙara, in ya rage ta rage. Ta fi aiki in takin a fili yake, amma dai ta nuna inda aka nufa.

A nan gida kuwa, tun daga shekarun 1990 sa'ad da fina-finan Hausa suka bunƙasa a Kano, fiyanon lantarki ƙirar Yamaha ya zama shi ne ƙungiyar kiɗa gaba ɗaya a ɗakunan ɗaukar waƙa, mutum ɗaya ya maye gurbin masu kalangu da goge da sarewa. A wurin biki ko taro ma sau da yawa mawaƙi kan zo da kiɗansa a naɗe, a kunna masa ya bi. Galibi an tsallaka ke nan daga makaɗi zuwa na'ura ba tare da an gwada zaunar da su wuri ɗaya ba, alhali kowannensu yana da abin da ɗayan ba shi da shi. Kalangun da ke cikin fiyano ba ya iya buga taken mutumin da ya shigo yanzu, in kuma aka ɗauke wuta ko janareta ya shaƙe, shi ke nan wasa ya tashi. Mai kalangu bai ma san an yi ba.

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: abin saurare mai toshe kunne, ɗan akwatin haɗa sauti, da mai shirya kiɗa wanda zai yarda ya cire gangar na'ura, ya kuma bar wasu wurare a buɗe, kiɗan yana zagayawa har sai makaɗi ya ba da alamar a wuce. Sauran aikin na makaɗin ne. Agogon kiɗa yanzu kyauta ake saukar da shi a wayar hannu. Saurayin da ke koyon ganga ko kalangu, in ya riƙa zama da shi rabin awa kowace rana, yana farawa a hankali har ƙyas ɗin ya riƙa ɓace masa a kunne, sa'an nan ya kashe shi ya ga ko takin zai zauna, zai iya cin abinci a ɗakin ɗaukar waƙa da kuma fagen biki. Sai mako mai zuwa.